Darasi na 12: Raunin Kan Yatsa da Dashen Fata

Manufar darasi

Idan mun kammala wannan darasi, ana son kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗar abin da ya kamata a yi a sa'ar farko bayan wuƙa ko inji ya cire kan yatsa;
2. bambanta raunin da wanki da bandeji za su warkar da wanda ke bukatar dashen fata;
3. bayyana yadda fatar da aka dasa take kamawa, da abin da ke hana ta kamawa;
4. kula da kansa ko wani nasa bayan an sallamo shi daga asibiti.

Gabatarwa

Yawancinmu a Zangon Kumasi da hannu muke neman abinci. Mahauci a mayankar Kaase, fita da mai walda a Magazin na Suame, kafinta a Sokoban, tela a Aboabo, mai tsire a Alabar, mai injin niƙa a Asawase, kowa da yatsunsa yake kusantar kaifi da ƙarfe tun safe har yamma. A cikin gida ma haka ne. Mai juya fufu hannunta na cikin turmi taɓarya na sauka, yaro kuma yakan sa yatsa a bayan ƙyaure wani ya turo ƙofa bai sani ba. Ranar Babbar Salla kuwa, wanda bai saba riƙe wuƙa ba shi ma yakan zama mahauci.

Kan yatsa shi ne ke fara isa wurin aiki, shi ne kuma ke barinsa a ƙarshe, shi ya sa ya fi kowane sashe na hannu samun rauni. Likitoci suna da hanyoyi da yawa na gyara shi, ciki har da ɗebo fata daga wani wuri a jikin mutum a rufe raunin da ita. Amma aikin likita rabi ne. Sauran rabin yana hannun mai rauni da mutanensa: abin da aka sa wa ciwon tun farko, lokacin da aka ɗauka kafin a isa asibiti, da yadda aka riƙe hannun a makon farko bayan tiyata. Wannan shi ne abin da za mu koya yau.

1. Yadda kan yatsa yake

Kowa ya ɗaga manuniyarsa ya dubi gaɓar ƙarshe. A baya akwai farce, yana kwance a kan wata shimfiɗar nama ja, tushensa kuma yana ɓoye ƙarƙashin fata. A tsakiya akwai ɗan ƙashi. A gaba akwai tattausan nama mai kitse, cike da ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin ji.

Ku gwada wannan a aji. Mutum ɗaya ya rufe ido, abokin zamansa ya haɗa tsinken sakace biyu, ya bar tazarar milimita 3 ko 4 tsakaninsu, ya taɓa masa kan yatsa a hankali. Zai ce tsinke biyu ne. A maimaita a damtsensa, zai ce ɗaya ne, sai an buɗa su kamar santimita 3 ko fiye kafin ya ji biyu. Wannan kaifin ji shi ne ke sa tela ya san inda allura ta ɓulla bai duba ba, fita ya ɗaura noti a inda idonsa bai kai ba, mai lazimi ya ja carbi a cikin duhu. Saboda haka burin likita ya wuce rufe rami kawai. Yana son yatsan ya riƙe tsawonsa, ya ci gaba da ji, ya lanƙwasa, kuma kada ya riƙa zafi in an taɓa.

Fata hawa biyu ce. Ta sama siririya ce, kullum tana sabunta kanta. Ta ƙasa ta fi kauri, a cikinta hanyoyin jini da tushen gashi da na gumi suke. Fatar tafin hannu kuma daban take da ta sauran jiki: ta fi kauri, ba ta da gashi, ta fi haske, tana da zanen nan da ake dangwalawa ranar zaɓe ko wajen yin Ghana Card. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

2. Sa'ar farko

Idan abin ya faru a gabanku, ku bi waɗannan matakai:

1. A kashe inji tukuna, a zaunar da mai rauni.
2. A danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙe minti 10 ba tare da leƙawa ba. Yawancin jinin yatsa da haka yake tsayawa.
3. A cire zobe kafin yatsa ya kumbura.
4. A zuba ruwa mai tsabta a wanke ƙasa da baƙin mai. Ruwan leda da ba a fasa ba ya wadatar.
5. A naɗe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Lambar gaggawa a Ghana ita ce 112.

Akwai abubuwan da muka saba yi da niyyar taimako, alhali ɓarna suke yi. Man birki, fetur, ruwan batir, toka, garin gawayi, garin taba, gishiri, da garin kafso da ake fasawa a zuba, duk suna ƙona naman da ya rage da rai ko su cusa masa datti. Wannan naman kuwa shi ne likita zai dasa fata a kansa. Haka nan ɗaure gindin yatsa tamau da roba ko waya yana iya kashe yatsan gaba ɗaya idan aka manta da shi.

Guntun da ya cire kada a jefar da shi, komai ƙanƙantarsa. A ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle bakinta, sannan a sa ledar cikin kwano mai ruwa da ƙanƙara. Kada guntun ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada a jiƙa shi tsundum cikin ruwa, kada a sa shi a firiza. Yatsa ba shi da tsoka irin ta damtse, don haka yana jure rashin jini: kimanin awa 12 in ba a sanyaya shi ba, kimanin awa 24 in an sanyaya shi yadda aka faɗa. Wannan ba izinin jinkiri ba ne, domin kowace awa ƙwayoyin cuta ƙaruwa suke yi a cikin raunin. Kada kuma a ba mai rauni abinci ko koko a hanya, musamman yaro, domin mai yiwuwa a sa shi barci kafin a yi aikin.

Ƙaramin rauni ana iya fara kai shi asibitin gwamnati mafi kusa, kamar na Manhyia, Tafo ko Suntreso. Idan ƙashi ya fito, ko babban yatsa ne, ko yatsu da yawa ne, asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, shi ne wurin. An gina shi a 1954, ya zama asibitin koyarwa a 1975, yana da sashen haɗari da gaggawa, yana kuma da sashen tiyatar gyaran jiki da ƙuna, inda ake irin wannan aiki. A Accra akwai babbar cibiyar irin wannan tiyata a asibitin Korle Bu, wadda aka buɗe a 1997.

3. Abin da likita ke dubawa

Likita zai yi allurar kashe zafi a gindin yatsa, ya wanke raunin sosai, ya yanke mataccen nama, sau da yawa kuma ya sa a ɗauki hoton ƙashi. Zai duba faɗin raunin, ko ƙashi ya bayyana, ko tushen farce ya taɓu, da kuma ta fuskar da kaifin ya bi: ta gaba, ta baya, ko a gicciye. Zai tambayi sana'arku, da hannun da kuka fi aiki da shi, da ko kuna da ciwon suga ko sikila, da ko kuna shan taba. Ku faɗi gaskiya, domin amsar tana canza irin aikin da zai zaɓa. Zai kuma tambayi ranar da aka yi muku allurar rigakafin tetanos, cutar nan mai sarƙe haƙora. Idan rauni mai datti ne kuma an haura shekara 5, za a sake ta.

4. Hanyoyin gyara

*Wanki da bandeji.* Ba kowane rauni ke bukatar dashe ba. Idan faɗinsa bai wuce santimita 1 zuwa 1 da rabi ba, kuma ƙashi bai fito ba, jiki da kansa yakan cike gurbin cikin mako 3 zuwa 6. A 1974 wata likitar yara a Sheffield ta Ingila, Cynthia Illingworth, ta nuna cewa kan yatsan ƙananan yara yakan sake tsirowa idan aka wanke aka rufe ba a ɗinke ba. A 1993 likitoci biyu a Afirka ta Kudu, Mennen da Wiese, sun ba da rahoton raunuka 200 na kan yatsa da suka yi wa magani da wata siririyar ledar asibiti da ake canzawa mako-mako, suka warke da kyau. Ciwon da ya warke ta wannan hanya yakan fi wanda aka yi wa dashe ji, domin fatar wurin ce ta jawo kanta ta rufe. Don haka idan likita ya ce ba sai an yi tiyata ba, kada ku ɗauka an raina ciwonku.

*Mayar da guntun.* Wani lokaci likita yakan ɗinke guntun da kuka kawo a mazauninsa. Wannan ya fi yin nasara ga yara ƙanana. Ga babba kuwa, yakan kankare kitsen guntun ya yi amfani da fatarsa kaɗai. Idan yankan ya yi ƙasa sosai, inda hanyoyin jini suka isa ɗinki, ana iya haɗa su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Likitoci biyu na Japan, Komatsu da Tamai, su ne suka fara mayar da babban yatsa da ya cire gaba ɗaya, a 1965. Aiki ne mai tsawo da ke bukatar ƙwararru da kayan aiki na musamman.

Hanyoyi biyu masu zuwa za mu fahimce su idan muka tuna da aikin lambu. Akwai tsiron da ake yankowa a kafa a ƙasa ba saiwa, sai ƙasar ta shayar da shi har ya yi tasa. Akwai kuma reshen da ake lanƙwasowa a binne yana manne da uwarsa, ba a yanke shi sai ya kama. Dashen fata ma iri biyu ne kamar haka: marar saiwa da mai saiwa.

*Fata marar saiwa.* Ana yanko ta gaba ɗaya daga wani wuri a ɗora a kan raunin. Wani likita ɗan Suwizalan mai aiki a Paris, Jacques-Louis Reverdin, shi ya fara nuna haka a 1869 da ƙananan gutsattsarin fata. Ita ma kashi biyu ce.

Siririyar fata: ana fere hawan sama da ɗan kaɗan daga na ƙasa da wata wuƙa ta musamman. Ollier a Faransa da Thiersch a Jamus ne suka inganta ta tsakanin 1872 da 1886. Tana saurin kamawa, kuma inda aka fere yana warkewa da kansa cikin mako 2 zuwa 3. Aibinta shi ne tana takurewa, ba ta da taushi, ba ta jure gogayyar aiki. Wani lokaci takurewar kan yi amfani, domin tana jawo lafiyayyar fatar gefe ta rage faɗin tabon.

Cikakkiyar fata: ana yanko hawa biyun duka, a ɗinke inda aka ɗebo. Wolfe, likitan ido a Glasgow, ya bayyana ta a 1875. Ba ta takurewa sosai, ta fi ƙarko, ji kuma ya fi dawowa a cikinta. Sai dai ta fi wuyar kamawa, tana bukatar rauni mai tsabta ƙwarai.

Dukansu biyu ba sa kamawa a kan tsuran ƙashi ko tsurar jijiyar da ke lanƙwasa yatsa, domin babu jinin da zai ciyar da su a can.

*Fata mai saiwa.* Idan ƙashi ya fito, sai a kawo fata da kitsenta tana manne da hanyar jininta. Ga huɗu da aka fi yi:

Na ɗaya, a tsaga fatar gaban yatsan da siffar harafin V, a turo ta sama ta rufe kan, a ɗinke ta koma siffar Y. Atasoy da abokan aikinsa a Amurka ne suka yaɗa wannan a 1970. Ba ta tafiya fiye da kimanin santimita 1, amma fatar yatsan ce da launinta da jinta.

Na biyu, a ɗago fata daga bayan yatsan da ke maƙwabtaka, a juyo ta a ɗinke a gaban mai raunin. Yatsun biyu za su zauna a haɗe mako 2 zuwa 3, sannan a raba su. Gurbin da aka bari a bayan maƙwabcin da cikakkiyar fata ake rufe shi.

Na uku, a lanƙwaso yatsan a ɗinke kansa a tudun tafin hannu da ke gindin babban yatsa, shi ma na mako 2 zuwa 3. Ya fi dacewa da matasa, domin gaɓoɓin dattijo suna iya sandarewa.

Na huɗu na babban yatsa ne: a ɗago fatar gabansa duka da jijiyoyinta a turo gaba. Moberg ɗan Suwidin ya bayyana shi a 1964. Ana ƙoƙari ƙwarai a kan babban yatsa domin shi ne ke fuskantar sauran huɗun a duk wani riƙo.

*Rage ƙashi.* Idan naman ya dagargaje, kamar wanda injin niƙa ko bel ɗin inji ya ja, likita yakan rage ƙashin kaɗan ya rufe da fatar da ta rage. Yatsa ya ɗan gajarta, amma yana saurin warkewa, kuma gajeren yatsa marar zafi ya fi dogon da ba a iya taɓa komai da shi.

5. Yadda dashe ke kamawa

A kwana biyun farko, fata marar saiwa ba ta da jini ko kaɗan. Ruwan jikin da ke tsattsafowa daga raunin take tsotsa. Daga kwana na 2 zuwa na 3, ƙananan hanyoyin jinin raunin suna fara haɗa baki da nata. Daga kwana na 4 zuwa na 7 jini yake fara gudana a cikinta sosai. Waɗannan hanyoyin sun fi gashi siranta, motsi kaɗan yana tsinka su. Shi ya sa likita ke ɗora dunƙulen auduga a kan dashen ya ɗaure da zaren ɗinki, ya sa wa yatsa madogari, ya ce kada a buɗe sai bayan kwana 5 zuwa 7.

Abu huɗu ne suka fi kashe dashe: jini da ya taru ya daskare a ƙarƙashinsa, motsi, ƙwayoyin cuta, da ƙarancin jini a wurin. Taba sigari da shisha suna tsuke hanyoyin jini. Suga da ya hau yana jinkirta warkewa yana kuma gayyato mugunya. Idan kun lura, uku daga cikin huɗun nan mai rauni yana da iko a kansu.

6. Maganar launi

Fata tana riƙe halin inda aka ɗebo ta. Idan aka ɗebo daga cinya ko mara aka dasa a gaban yatsan baƙin mutum, za ta zauna baƙa a tsakiyar farin tafi har abada, takan ma ƙara duhu, wani lokaci har gashi ya tsiro. Saboda haka ga mutane irinmu likitoci sun fi son ɗebowa daga gefen tafin hannu ta wajen ƙaramin yatsa, ko daga kwarin tafin ƙafa inda ba ya taka ƙasa, domin launi da kauri su yi daidai. Fatar da aka kawo daga wani wuri ba ta dawo da zanen yatsa na asali. Wanda kuma jikinsa ke yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa a kunne bayan huji, ya faɗa wa likita kafin a zaɓi inda za a yanka. Haƙƙinku ne ku tambaya daga ina za a ɗebo.

7. Karatu a aji

Ɗalibai biyu su karanta wannan misali, ɗaya likita, ɗaya dattijon mahauci.

Likita: Sannu Baba. Wuƙar ta tafi da naman gaban yatsan, amma ƙashi bai fito ba. Faɗin ya yi yawa a bar shi ya cike da kansa. Zan ɗebi fata a gefen tafin hannunku in rufe.

Baba: To likita, nan da za a ɗeba, ba wani ciwon za a ƙara mini ba?

Likita: Ɗan tsawo ne kaɗan, zan ɗinke shi, bayan kamar mako biyu a cire zaren.

Baba: Jibi akwai suna, an ba ni raguna biyu. Zan iya?

Likita: Baba, ku ba yaranku. Idan kuka riƙe wuƙa jibi, fatar za ta goce ta mutu, mu koma farko. Haƙurin 'yan makonni ya fi asarar yatsa.

Baba: Haka ne, ɗana. Alwala fa?

Likita: Kada ruwa ya shiga bandejin. Ku tambayi malam yadda ake shafa a kansa.

Baba: Na gode. Allah ya yi albarka.

Likita: Amin Baba. Allah ya ƙara sauƙi.

8. Kulawa a gida

A makon farko hannu ya zauna a sama: a rataye da rana, a kan matashi da dare. Kada a jiƙa bandeji, kada a buɗe don nuna wa masu dubiya. A sha magani yadda aka rubuta har ya ƙare. A ci abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi da nama. Yatsun da ba a ɗaure ba a riƙa motsa su don kada su sandare.

A koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba idan zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko wurin yana wari, ko mugunya ta ɓullo, ko zazzaɓi ya zo, ko jan layi ya hau hannu, ko fatar da aka turo ta yi fari fat ko baƙi.

Bayan ya warke, a riƙa shafa man kaɗe ana murzawa a hankali, domin fatar dashe tana bushewa. A riƙa taɓa abubuwa da kan yatsan, daga auduga zuwa tawul zuwa ɗanyar shinkafa a kwano, har ya saba. Ji yana dawowa sannu a hankali cikin watanni, wani lokaci ya kai shekara, kuma kafin ya dawo wuta ko tafasasshen ruwa na iya ƙona wurin ba ku ji ba. Farce yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, sabo yakan ɗauki wata 4 zuwa 6. Da yawa sukan ji tsami a yatsan lokacin hunturu, wannan yakan ragu da shekaru.

9. Ibada da haƙƙi

Wasu sukan yi shakkar ko ya halatta a cire fata daga wani wuri a kai wani. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a watan Fabrairun 1988, ta yanke cewa ya halatta a ɗauki sashe daga jikin mutum a dasa a wani wuri na jikinsa idan amfanin ya rinjayi cutarwa. Game da alwala kuma, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a makarantunmu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri idan ruwa zai cutar da ciwo. Ku nemi malaminku ya nuna muku a aikace.

Wanda ya ji rauni a bakin aikin wani, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 1987, wato PNDCL 187, ta ɗora wa mai aikin nauyin biyansa, kuma ta ofishin ƙwadago ake bin maganar. A adana duk takardun asibiti. Katin inshorar lafiya, wadda aka kafa da dokar 2003, ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. A sabunta shi tun ana lafiya, domin ranar rauni ba ranar neman kati ba ce.

Ku kuma masta da iyayen gida, kada a cire murfin bel ko na zarto don a yi sauri. A tura nama ko masara cikin inji da sanda, kada a tura da yatsa. A kashe inji kafin a zaro abin da ya maƙale. Sabon yaro a nuna masa inda hannu ba ya zuwa kafin a nuna masa yadda ake kunnawa.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa biyar da ba a sa wa sabon rauni, ka faɗi dalili.
2. Yaya ake ɗaukar guntun yatsa zuwa asibiti?
3. Wane irin rauni ne ke warkewa ba tare da dashe ba?
4. Mene ne bambancin siririyar fata da cikakkiyar fata?
5. Me ya sa ba a dasa fata marar saiwa a kan tsuran ƙashi?
6. Me ke faruwa da dashe daga kwana na 1 zuwa na 7?
7. Don me ake fifita fatar gefen tafin hannu ga baƙin mutum?

Aikin gida

Kowa ya zaga wurin sana'arsa ko madafar gidansa, ya rubuta wurare uku da yatsa zai iya shiga haɗari, da abin da za a yi a toshe kowanne. Sannan ya tanadi ƙaramin akwati mai bandeji, auduga, filasta, sabuwar leda da ruwa mai tsabta, ya ajiye inda kowa zai gani.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya koya wa mutum biyu matakan sa'ar farko, ɗaya a gida, ɗaya a wurin aiki. Ranar da abin ya faru, mai rauni ba ya iya ɗaure hannunsa da kansa, na kusa da shi ne zai yi. Allah ya tsare mana hannuwanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.